Rasuwar 'Yar Toka a Hannun Mai Ita

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗar dama wadda har yau ta ƙi ɗaguwa, Malama mai shagon yanka katako na ƙarshen layin maƙera tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da tsofaffin ɗalibanta, da masu binciken haɗari a wuraren aiki, rasuwar kwamfutarta wadda aka fi sani da 'Yar Toka. Ta rasu ranar Talata da misalin ƙarfe tara da kwata na safe, a kan teburinta, bayan shekara ashirin da takwas a bakin aiki. Ba ta yi doguwar jinya ba. Guduma ce ajalinta, sau bakwai aka sauke mata, kuma Malama ce ta riƙe ƙotar.

Malama ba za ta ce Allah ya jiƙanta ba, don ƙarfe da roba ba su da hisabin da suke jira. Masu shirin aiko da gyara su ajiye alƙalaminsu. Amma a shekara saba'in da huɗu da ta yi a duniya ta karanta sanarwar mutanen da ba su kai 'Yar Toka gaskiya ba, shafi bibbiyu, har da hoto. Don haka ita ma za ta samu tata. Akwai kuma wani dalili. Tun ranar Talata ake yawo da magana a layi cewa Bahago, mai aikin zarto, shi ya jawo wa kansa abin da ya same shi, har aka rubuta takarda aka so ya dangwala. Da ya dangwala, da aikinsa ya tafi, kuma babu shagon da zai sake ba shi ko tsintsiya ya riƙe. Malama ba za ta binne gawarta da ƙarya a kanta ba. Ga yadda aka yi.

An kawo marigayiya shagon nan cikin kwali, a kujerar gaba ta motar maigidan Malama, ita kuma Malamar tana baya tare da buhun ƙusa. Shi kam mutum ne, Allah ya jiƙansa. Da hannunsa ya ƙera injin: zarto mai zagaye kafe a tsakiyar tebur yana juyawa, da keken ƙarfe mai haƙora da ke cafke katako ya tura shi bakin zarton a hankali. Abin da ya rasa shi ne wanda zai riƙa gaya wa keken inda zai tsaya. Malama tana koyar da lissafi a kwaleji a lokacin, sai ta cinye hutu guda tana rubuta wa 'Yar Toka manhajar da za ta yi wannan aiki, layi ɗari huɗu da 'yan kai, da yaren Lisp. Ga wanda bai sani ba, yare ne da komai a cikinsa ke zaune tsakanin baka biyu, baka cikin baka, kamar kwanonin da aka jera ƙarami cikin babba. Abokan aikinta sun ce yaren ya tsufa, duniya ta wuce shi. Yaren yana nan har yau. Biyu daga cikin abokan aikin ne ba sa nan.

Na farko cikin kyawawan halayen marigayiya, ba ta tauye wa lamba haƙƙinta. In ka tambaye ta (/ 1 3), sai ta ce maka 1/3, ta yi shiru. Ba ta cewa 0.333 ta yi ta jan uku-uku kamar mai tsoron a ce ba ta yi makaranta ba. Keken yana tafiya taki-taki ne, kowane taki ɗaya bisa goma na mita, kuma haka Malama ta rubuta shi, 1/10. Taki goma, mita ɗaya cif. Shekara ashirin da takwas, ko kaurin gashi ba ta taɓa ƙarawa ba, ba ta taɓa ragewa ba.

Tana da haƙuri kuma. Ta shaƙi dusar katako fiye da kowane ma'aikaci ba ta yi tari ba. Ɓera ya haihu a cikinta sau biyu. Wata rana wani mai sayen ƙofa ya zare wayarta daga bango don ya yi cajin tarhonsa, ana tsakiyar yanka. Daga ranar maigidan Malama ya sa aka bi da wayar ta cikin bututun ƙarfe har zuwa babban akwatin wuta da ke bayan gini, aka sa wa akwatin kwado saboda ɓarayi. Maɓallin kashe ta ya faɗa cikinta tun tuni, ba wanda ya damu, tunda ba ta taɓa yin abin da za a so a kashe ta ba. Ba ta taɓa hawa intanet ba, saboda haka ba ta da ra'ayi a kan komai.

Duk wanda ya yi aiki a shagon zai tuna muryarta. Da safe fankarta ce ke fara gaisuwa, fuuuu, sannan cikinta ya yi kirr, kirr, kamar tsohuwa na gyara zama. In keke ya yi taki sai ta ce kat. In ya kai iyaka sai ta ce ɗit-ɗit, keken ya tsaya cak. Babu wanda ya san wannan murya kamar Bahago. Shekara goma sha tara yana bakin zarton, kuma ya daɗe da daina kallon allo. Da kunne yake aiki. In an ce mita ɗaya, yakan ƙirga kat tara a zuci, a na goma ya miƙa hagunsa ya tare gutsuren katako kafin ya faɗi ya tsage, ɗit-ɗit ta same shi hannunsa na wurin. Baba Kafinta, wanda ya girmi kowa a shagon ban da Malama, yakan ce, "Kai da wannan tsohuwar, da mace ce da matarka ta kai ƙara." Bahago ya ce, "Baba, ai ta fi ni jin maganar Malama, shi ya sa aka fi sonta."

Tsofaffin ɗaliban Malama ma sun san ta, waɗanda yanzu suke rubuta manhaja a ofisoshi masu sanyi. Sukan bugo waya da tambayoyin da ba sa canzawa, Malama ta zauna gaban 'Yar Toka ta gwada musu suna jin ƙarar madannai.

"Malama, na rubuta (= 0.1 1/10), ya ce min NIL, wai ba ɗaya ba ne. Na'urata ce ta lalace?"

"Na'urarka lafiyarta lau. Kai ne ka yi barci a ajina."

Sai ta sake yi masa karatun da ta yi sau ɗari. Kwamfuta da rabi take auna abin da bai kai ɗaya ba: rabi, rabin rabi, rabin wannan, haka har ƙasa. Ka yi ta haɗa su har ka yi furfura, ba za ka samu ɗaya bisa goma daidai ba, kamar yadda 1/3 ba ya ƙarewa in ka nace sai ka rubuta shi da ɗigo. To sai na'ura ta yanke a wani wuri, ta ajiye abin da ya fi kusa. Wannan 0.1 da kake gani a allo maƙwabcin ɗaya bisa goma ne ya aro rigarsa. Bambancin ƙanƙani ne, amma in kana tarawa, shi ma yana taruwa. Kullum da magana ɗaya take sallamarsu: kada ka tambayi lamba mai ɗigo ko ta yi daidai, tambaye ta ko ta kai ko ta wuce.

Ciwon ajali ya shiga jikin marigayiya ranar Litinin da yamma, bayan an tashi daga aiki, ta hannun Injiniya, ɗan Malama tilo, wanda ke riƙe da shagon tun da gwiwoyinta suka fara gardama. Digirinsa na gaske ne, Malama ta halarci bikin. Ya daɗe yana jin haushin allon nan da ke nuna 7/10 da 9/10 a gaban baƙi. Wani mai kwangila ya taɓa tambayarsa ko kwamfutar tasu a firamare ta tsaya. Ya kuma karanta a wurare da yawa cewa lamba mai ɗigo ta fi sauri, kowa ya san haka. Ya taɓa kawo wa uwarsa maganar, ta ce, "Sauri ina? Keken da ke cin daƙiƙa biyar a taki ɗaya, jirgi zai kama?" Bai sake tada zancen ba. Ya buɗe manhajar shi kaɗai, ya nemo layi ɗaya, ya goge 1/10 ya rubuta 0.1.

A yi masa adalci, ya gwada. Ya sa katako, ya buga rabin mita. Kat biyar, ɗit-ɗit, keke ya tsaya. Abin da bai sani ba shi ne, in aka tara 0.1 sau biyar a irin lissafin 'Yar Toka, ɗan kuskuren yakan ɓace a hanya, a sauka a kan rabi cif. Sa'a ce kawai, shi kuma ya ɗauke ta shaida. Ya kulle shago ya tafi gida, bai gaya wa kowa ba.

Talata ce ranar da Malama ke zuwa shago ta zauna a kujerarta ta roba kusa da marigayiya, ta sha shayi, ta tsawata wa wanda ya samu. Aikin farko na safiyar ƙwaƙƙwaran katako ne na ƙofa. Bahago ya buga 1. Malama ta gani da idonta. Keke ya tashi. Kat, kat, har tara. A na goma ya miƙa hagunsa kamar yadda ya miƙa shi sau dubu nawa.

Ɗit-ɗit ba ta zo ba. Sai wani kat.

Malama ta kalli allo ta ga 1.0000001, kuma kafin kofin shayin ya kai ƙasa ta riga ta san komai. Lambar ta tsallake ɗaya ba ta taka shi ba, manhajar kuma tana jiran ɗaya cif, wanda ba zai zo ba har abada. Haƙoran keken suka cafki hannun rigar Bahago suka ja shi. Ya fizga, rigar ta ƙi yagewa; sabuwa ce, mai kauri, matarsa ta saya masa. Ya kafa ƙafa a jikin tebur yana ihu, "Baba! Baba!" Baba Kafinta ya ruga wajen jan maɓallin tsayarwa, ya tarar an jingine ƙofofi goma sha biyu a gabansa suna jiran mai su. Ya fara jifa da su ɗaya bayan ɗaya, tsoho mai ciwon baya, gilashin ta uku ya tarwatse a ƙafarsa. Injiniya yana waje yana waya. Ya ji ihu ya ruga bayan gini, ya sami kwado, makullin kuma yana cikin mota.

Kat.

Gudumar maigidanta mai kilo uku tana rataye a bango bayan kujerar Malama. Ba ta tuna lokacin da ta tashi, ita da sai an ba ta hannu. Ta farko ta sauka a kan murfin 'Yar Toka, ya lotsa. Ta biyu ta ɓalle fuskar akwatin, ta yi tsalle ta faɗa cikin dusa. Ta uku ta kashe fanka. Fuuuu ɗin da Malama ta saba ji tun tana da baƙin gashi ya yanke a tsakiya. Kat. Duk wanda ya yi aiki da zarto ya san muryarsa a katako. Akwai wata murya da yake yi in ya bar katako ya shiga abin da ya fi taushi, kuma Malama ba za ta kwatanta ta a nan ba. Jini ya yi tsartuwa har silin, ya sauko a kan allo, ya sauko a kan tabaraunta. Ta huɗu da ta biyar a makance ta yi su. Ta shida ta ji kafaɗarta ta ce ƙas. Ta bakwai ta riƙe ƙotar da hannu biyu ta nufi ƙasa ta hagu, inda ta san allon ciki da ke aika wa keke umarni yake, don ita ta dasa shi. Wuta ta yi tartsatsi, warin ƙonanniyar roba ya tashi. Marigayiya ta yi wani siririn sauti, iiiii, wanda ba ta taɓa yi ba. Keken ya tsaya.

Zarton na ci gaba da juyawa, tsakaninsa da wuyan hannun Bahago bai kai faɗin yatsa uku ba. Baba Kafinta ya shiga da wuƙarsa ya yanke hannun rigar, ya jawo shi baya suka zube tare. Wani maƙeri maƙwabci ne ya fasa kwadon akwatin wuta da ƙarfe. An tsinci manuniya da na tsakiya a cikin dusa, Baba ya naɗe su a hankicinsa. Injiniya ne ya sungumi Bahago ya sa a mota, ya kai shi asibiti rigarsa jiƙe sharkaf, ya yi amai a bakin ƙofar asibitin. Likita ya buɗe hankicin ya rufe, ya girgiza kai.

Da a nan maganar ta tsaya, da sanarwar nan ba ta wuce rabin shafi ba. Amma kafin azahar ta Laraba Injiniya ya wanke fuska ya yi tunani. Masu bincike za su zo ranar Litinin. Ya rubuta takarda cewa ma'aikaci ya buga 10 maimakon 1, ya kuma sa hannu a inda aka hana. Ya kai asibiti da kansa, da ledar lemo, ya bar ta a can.

Matar Bahago ba ta iya karatu sosai ba, amma ta sa an karanta mata. Ta iso shago da la'asar, ta sami Injiniya riƙe da tiyo yana wanke jinin mijinta daga tebur. Ba ta yi sallama ba. Ta sunkuya ta ɗauki ƙafar teburin da ba a gama gogewa ba, ta fara da madubin motarsa, ta bi da fitila, sannan ta juyo kansa. Ya kare da tiyo, ruwa na fesa ko'ina. Ta same shi a leɓe, ta ci kwalarsa ta haɗa shi da bango.

"Shekara goma sha tara yana buga ɗaya, sai jiya ya manta yadda ake bugawa? Injiniyan banza! Ka ci yatsunsa, yanzu sunansa kake so ka haɗa? Uwar—"

Sai ta hango Malama zaune a kujerar roba, hannu rataye a wuya. Ta haɗiye sauran.

"Ki yi haƙuri, Malama."

"Ƙarasa, 'yata. Uwar tana ji, kuma ba ta ce kin yi ƙarya ba."

Sai da maƙera uku suka taru kafin aka ɓamɓare ta. Injiniya ya tofar da jini ya ce wa jama'ar da ta taru a ƙofa kwamfuta ba ta kuskure, kowa ya san haka, in abu ya ɓaci to mutum ne. Jama'a suka gyaɗa kai. Malama ta ce ta ga 1 da idonta. Ya ce, cikin ladabi, a gaban mutane, Umma tana jiran aikin ido tun bara.

Ranar Alhamis da safe Malama ta zo ba ranarta ba, ta same shi durƙushe gaban gawar da sukundireba, yana kwance faifan ajiya, abu ɗaya da guduma ba ta taɓa ba. Ta sauke masa sandar dogarawarta a kan yatsu. Ya saki sukundireban ya yi ƙara irin wadda bai yi ba tun yana aji uku. Ta ƙara masa a gadon baya, da hagu, don dama ba ta aiki, kuma ta yi mamakin yadda hagun ya iya.

"Umma! Umma, ki tsaya ki ji! In suka ga abin nan za su rufe shagon, za su karɓe lasisina. Shagon Baba fa!"

"Kada ka sa bakin ubanka a nan."

"Zan kula da shi, wallahi. Zan nema masa gadi a wani wuri. Dangwale ɗaya ne kawai."

"Da wane yatsa?"

Ya murza yatsunsa da suka sha sanda. Can ya ce, "Umma, ni ɗanki ne."

"Na sani. Ina wurin aka haife ka."

Ya miƙe yana riƙe da hannu, ya ce in faifan nan ya fita daga shagon, zai kwashe matarsa da yara su bar garin, kuma kada ta neme su. Malama tana da jikoki uku. Ƙaramar ita ce ke zuwa ranar Asabar ta tsife mata kai tana ba ta labarin makaranta. Ta tsaya ta tuna da wannan sosai, ba za ta ɓoye ba. Sannan ta sunkuya ta ƙarasa kwance sukurori biyun da suka rage, ta sa faifan a jakarta.

Wata tsohuwar ɗalibarta mai gyaran kwamfuta, wadda ita ma ta fara furfura, ita ta yi binciken gawa. Faifan ya yi magana. An taɓa manhajar ranar Litinin ƙarfe biyar da minti arba'in na yamma. Lamba ta ƙarshe da aka buga ranar Talata 1 ce. Ga layin nan, (+ tafiya 0.1), inda da 1/10 yake. Malama ta ce a buga mata shafin a takarda. Ɗalibar ta buga, ta miƙo, amma ba ta saki ba. Ta ɗora yatsa a kan layin da ke ƙasa da shi.

"Malama, wannan fa?"

(= tafiya iyaka). Ba Injiniya ya rubuta wannan ba. Rubutun Malama ne, na shekara ashirin da takwas. Ita da ta cika kunnen ɗalibai da a tambayi lamba ko ta kai ko ta wuce, ta tambayi tata ko ta yi daidai, don ta yarda da 1/10 ɗinta, ta kuma yarda babu mahaluƙin da zai taɓa aikinta. Da ta ƙara alama ɗaya tak, ta rubuta >=, da keken ya tsaya ko da ɗanta ya zuba masa ɗigo ɗari. Ƙofofi goma sha biyun ma ta gan su jingine a gaban jan maɓallin tun makon jiya, ta sha shayinta. Ɗalibar ta ce ai kowa na iya mantawa. Malama ta ce ba mantuwa ba ce, girman kai ne, kuma ta san bambancin.

Ranar Juma'a ta je asibiti. Bahago yana kwance, hagun naɗe kamar ƙullin kaya, matarsa zaune a ƙasa. Takardar Injiniya tana ƙarƙashin matashi, har da ɗan akwatin tawada. Ya yunƙura zai tashi.

"Kwanta. Ina takardar?"

"Malama, zan dangwala ne kawai a huta. Na yi ta tunani. Ni dai na san ɗaya na buga, amma ai ita ba ta kuskure. Shekara nawa muna tare. In ɗayanmu ya yi kuskure, to ni ne."

"Wa ya gaya maka ba ta kuskure?"

"Kowa ya sani, Malama."

"Kowa ɗin nan, ya taɓa buɗe cikinta?"

Ta jawo kujera ta shimfiɗa shafin a kan ƙirjinsa. Ta nuna masa 1 ɗinsa, da kwanan wata. Ta nuna masa layin ɗanta. Sannan ta nuna masa nata, ta yi masa bayani a hankali, ba irin bayanin da take yi wa masu digiri ba. 'Yar Toka ta yi abin da aka ce ta yi, babu ƙari. Mutum biyu ne suka ce mata ta yi, kuma babu Bahago a cikinsu. Ya dafa shafin da damansa.

"Wato ba ni ba ne?"

"Ba kai ba ne."

Mutumin da bai zubar da hawaye a bakin zarto ba, bai zubar a gaban likita ba, ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa. Matarsa ta zaro takardar daga ƙarƙashin matashi ta miƙa wa Malama da hannu biyu. Malama ta ce ta riƙe, tata ce, ta yi abin da ta ga dama da ita. Ta yaga ta gida takwas ta zuba a kwanon tofa yawu.

Marigayiya ta rasu ta bar allon kallo guda, mai tabon da ya ƙi fita. Da madannai waɗanda 9 da 0 ɗinsu suka goge ƙal saboda yawan buɗe baka da rufewa. Da firinta wadda dama ba su jituwa. Da faifan ajiya, wanda ke hannun Malama, kuma an yi kwafinsa uku, ɗaya ba ya cikin garin, don a san da wannan. Ta bar zarto, wanda ba ya cikin masu makoki kuma ba a gayyace shi ba. Ta bar Baba Kafinta da ɗinki shida a ƙafa. Ta bar Bahago da yatsa takwas da aikinsa: daga ranar da likita ya sallame shi, shi ne mai kula da aikin shago gaba ɗaya, kuma babu injin da za a tayar a shagon sai ya taɓa jan maɓallin da hannunsa ya ga yana aiki. Ta bar Malama da ɗa ɗaya, wanda bai ɗaga wayarta ba tun ranar Alhamis.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da ƙarfe goma na safe, a filin bayan shago, kusa da akwatin wuta. Baba Kafinta ya haɗa akwati daga ƙofar da gilashinta ya fashe; da zarton hannu ya yanka, ya auna da tef. Maƙera za su haƙa rami. Za a cire batir da allunan ciki a kai wa masu tattara irinsu, murfin da ya sha guduma shi za a binne. Ba a buƙatar kuka. Masu son yin jawabi su taƙaita, masu ciwon baya su zo da kujerarsu.

A kan akwatin za a ajiye takarda mai shafi ɗaya, wadda ta faɗi abin da ya faru kamar yadda aka faɗa a nan, layi biyun nan na manhaja a rubuce, da wuri biyu na sa hannu a ƙasa. Malama ta riga ta sa nata a na farko, da hagu, ya fito a karkace amma ana karantawa. Na biyu, na wanda ya rubuta ɗaya layin, babu kowa. An ajiye kujera a sahun gaba, kusa da tata, da biro a kai. Masu bincike sun ce ƙarfe goma sha ɗaya za su iso. Da sun shigo za a rufe ramin, takardar kuma ta shiga hannunsu yadda suka same ta, da suna biyu ko da ɗaya.